Man Gujiya a Cikin Inji: Daga Baje-kolin Paris Zuwa Injin Niƙa na Karkarar Maraɗi

A cikin injinan da ɗan Adam ya ƙera, da wuya a sami wanda ya kai ƙanƙantar wanda masu sha'awar ƙananan jiragen sama suke ɗaura wa jiragensu na wasa. Wani bai fi babban yatsa ba, kuma cikinsa, inda mai ke ƙonewa, sau da yawa bai wuce ya ɗauki rabin cokalin shayi na ruwa ba. Duk da haka yakan juya farfela sau dubu goma ko fiye a minti guda. Yaranmu na Agye da Gazawa da Gidan Rumji ba su san shi ba. Nasu jirgin na kara ne da ɓargonsa, ko na gwangwani da waya, injinsa kuwa bakin mai shi ne. Amma tambayar da masu wannan ɗan inji suka shafe shekara tamanin suna yi wa kansu, wato wane haɗin mai ne zai tayar da shi idan an rasa wanda aka saba, tambaya ce da ta shafe mu fiye da yadda ake zato. Man itatuwa na farko da aka nuna wa jama'a yana tafiyar da injin Diesel man gujiya ne, kuma saboda ƙasashe irin tamu aka yi gwajin.

Bari mu fara da ɗan injin, tunda shi ya fi sauƙin fahimta. Injin babur yana da buji, wanda ke fitar da tartsatsi ya kunna fetur. Injin gazuwal ba ya buƙatar tartsatsi: fistan ne ke matse iska a cikin silinda har ta yi zafin da idan aka fesa mata mai zai kama da kansa. Duk wanda ya taɓa yi wa keke famfo, ya ji yadda bakin famfon ke ɗaukar zafi, ya riga ya san asalin hikimar. Ɗan injin jirgin wasa ya ɗauki rabin wannan dabara ya bar rabi. Ba shi da abin fesa mai, domin ƙera irinsa a wannan ƙanƙanta aiki ne mai wuyar gaske, sai ya shaƙi mai da iska a gauraye, ya matse su tare har su kama. Shi ya sa Faransawa suke kiransa moteur à auto-allumage, wato inji mai kunna kansa, sunan da a ganina ya fi dacewa da shi bisa ga na Diesel da mutanen Ingila suka laƙaba masa. A samansa akwai wani ɗan ƙarfe mai murɗi da ke tura wani fistan na biyu ƙasa ko ya sake shi. Da shi mai jirgin ke ƙara matsi ko ya rage, yana kasa kunne har ƙarar injin ta daidaita.

Irin wannan inji ya fito kasuwa ne a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A ƙasar Suwizalan aka fara sayar da wani mai suna Dyno a 1941, Faransa ta bi baya da irin su Micron, sannan a 1946 Ingila ta fitar da Mills 1.3, wanda ya shiga hannun yara ƴan makaranta da dama. Abin da ya sa ya karɓu shi ne ya raba ɗan jirgi da nauyin batir da wayoyin wuta. Har yanzu ana tseren ƙasa da ƙasa da irinsa, a wani rukuni da ake kira F2C, inda dokar wasan ta kayyade girman inji kada ya wuce santimita-kubik 2.5, tankin mai kuma kada ya wuce 7, alhali tseren kilomita 10 ne. Wanda mansa ya fi auki shi ya fi ƙarancin sauka shan mai, saboda haka kowane ɗigo abin lissafi ne.

Man da yake sha haɗi ne na abu uku, kuma tun farko an saba zuba su kusan daidai wa daida, kafin daga baya a riƙa ƙara wannan a rage wancan. Na farko eter, ruwan nan mai saurin tashi wanda likitoci suka fara sa majiyyaci barci da shi a bainar jama'a a Boston ta Amurka a 1846. Shi ke kamawa da wuri, tun zafi bai wuce digiri 160 da ƴan kai ba, sai ya kunna sauran. Na biyu kananzir, irin na fitilar ƙwai, kuma daga gare shi yawancin ƙarfin ke fitowa. Na uku man zurma, wanda aikinsa sa santsi tsakanin fistan da silinda, da toshe ƴar kafar da ke tsakaninsu don kada matsi ya zurare. Wasu kan ɗiga wani sinadari na huɗu, kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari, don wutar ta kama sumul.

Eter ne ya zama ƙashin bayan haɗin, kuma shi ne matsalarsa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 kan fataucin miyagun ƙwayoyi ta sa shi cikin jerin sinadaran da ake sa wa ido, domin masu sarrafa hodar ibilis suna amfani da shi. Sayensa ya yi wuya, kuɗinsa ya hau. Daɗin daɗawa, yana tafasa tun a digiri 35, wanda ke nufin da a ce wani malami zai kawo kwalbarsa Gazawa a watan Afrilu ya bar ta a buɗe, kafin a tashi daga makaranta sai dai ya tarar da wayam, ga kuma haɗarin gobara. Daga nan masu jiragen wasa suka shiga gwaje-gwaje. Wasu suna tatso eter daga gwangwanin maganin tayar da manyan motoci a lokacin sanyi. Wasu suna rage shi su ƙara matsi, sai injin ya yi zafi, sandar fistan ta riƙa shan wahala. Wasu sun sa man zaitun ko wani man girki a gurbin man zurma, suka ga inji ya tashi, amma santsin ba ya jure zafi kamar na zurma. Akwai kuma wani sirri da duk wanda ya cire eter gaba ɗaya yakan ci karo da shi: man zurma da kananzir ba sa haɗuwa da kansu, sai su rabu a kwalba, wannan sama wannan ƙasa. Eter ne ke sasanta su.

Zurmar nan dai ita ce wadda ke fitowa da kanta a bayan gari da bakin juji, wadda ba mu ɗauke ta a bakin komi ba, ban da gargaɗin da ake yi wa yara cewa ƴaƴanta guba ne. A Yaƙin Duniya na Ɗaya da manta ake shafe injinan jiragen yaƙi masu juyawa, irin na kamfanin Gnome na Faransa, domin yana liƙe wa ƙarfe mai zafi, fetur kuma ba ya wanke shi. Sunan kamfanin Castrol ma daga sunanta na Ingilishi aka samo shi.

Paris, 1900

Rudolf Diesel Bajamushe ne, amma a Paris aka haife shi a 1858, kuma yaƙin 1870 tsakanin Faransa da Jamus ne ya kori iyayensa daga birnin. Ya sami takardar mallakar ƙirƙirarsa a 1893, ya yi ta fama da ƙarfe a masana'antar Augsburg, har zuwa 17 ga Fabrairu 1897, ranar da Farfesa Moritz Schröter ya auna injinsa ya tarar yana mayar da kashi 26 cikin ɗari na zafin mai zuwa aiki. Injin tururi na wancan zamani da ƙyar yake kai rabin haka. Man da aka zuba masa a ranar kananzir ne.

Wajibi ne a tsaya kan wannan batu, domin akwai wata magana da ta yaɗu a jaridu da intanet, har takan shigo aji ta bakin ɗalibai, cewa wai Diesel don man gujiya ya ƙera injinsa, ƴan kasuwar fetur suka karkatar da shi. Labarin yana da daɗin ji, sai dai ba haka abin ya faru ba. A farkon tunaninsa har garin kwal ya yi niyyar ƙonawa. Abin da ya auku shi ne, a babban baje-kolin duniya da aka yi a Paris a 1900, kamfanin Otto na Faransa ya nuna wani ƙaramin injin Diesel wanda aka ƙera don man ƙarƙashin ƙasa, aka zuba masa man gujiya ba tare da an canza masa komi ba, ya kuwa yi aiki lafiya lau har yawancin ƴan kallo ba su lura da bambanci ba. Diesel da kansa ne ya ba da labarin a jawabansa na 1912, ya kuma faɗi wanda ya nemi a yi gwajin: gwamnatin Faransa. Dalilinta shi ne gujiya tana yi sosai a ƙasashen Afirka da take mulka, tana so a sami ƙarfin inji a can ba tare da an yi jigilar kwal ko mai daga Turai ba. Diesel ya yaba da tunanin, ya yi hasashen cewa wata rana man itatuwa zai yi daraja. Bai daɗe ba bayan haka. A daren 29 ga Satumba 1913 ya ɓace daga jirgin ruwan Dresden a kan hanyarsa daga Anvers zuwa Ingila.

Mai karatu ya dubi shekarar da kyau. A 1899, shekara guda kafin baje-kolin, rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi ta nufi Tasawa, tana ƙone garuruwa, har shugabanninta biyu suka gamu da ajalinsu a hannun sojojinsu a watan Yuli, a yankin Maijirgi. A 1900 ne Faransa ta kafa yankin mulkin soja mai hedkwata a Damagaram. Ashe ke nan lokacin da ƴan kallo ke zagaya injin a bakin kogin Seine, toka ba ta gama hucewa a ƙauyukanmu ba. Ban ga laifin injin ba, kuma gwajin kansa na hankali ne. Amma wanda ya tsara shi manomi bai dame shi ba. Abin da ya dame shi shi ne yadda ƙasar da aka ci da yaƙi za ta ɗauki nauyin mulkinta da kanta, ba tare da baitulmalin Paris ya yi asara ba.

To me ya hana man gujiya zama man inji tun daga lokacin? Akwai dalilin kasuwa: an yi ta gano rijiyoyin mai, gazuwal ya yi araha, masu ƙera inji suka daidaita injinansu da shi. Akwai kuma dalilin da ke cikin man kansa, wanda kowace mai ƙuli-ƙuli ta sani ko da ba ta taɓa ganin cikin inji ba. Man gujiya yana da kauri. Ya ninka gazuwal kauri wajen sau goma. Bakin abin fesa mai ƴan ƙananan huji ne, kamar na allura, kuma ana so mai ya fita ta cikinsu kamar hazo. Mai kauri sai ya fita ɗigo-ɗigo, ya ƙi ƙonewa duka, ragowar ta daskare ta zama baƙin gawayi a bakin hujin da zobban fistan, wani kuma ya zurara cikin man inji ya mai da shi danƙo. Inji na iya yin kwanaki yana aiki kamar ba komi, sai bayan wasu ɗaruruwan awoyi ɓarnar ta bayyana. Ƙarfinsa ma ya gaza na gazuwal da kimanin kashi goma cikin ɗari a kowane kilo. Da hunturu kuwa, idan sanyin asuba ya sauko, man gujiya har barci yakan fara yi a kwalba. Malamin da ke son nuna wa ɗalibai wannan ba ya buƙatar ɗakin gwaji: faranti biyu ne a karkace, ɗigon gazuwal a ɗaya, ɗigon man gujiya a ɗaya, sannan a ɗumama man gujiyar a sake gwadawa.

Dabarun da aka samo ba su wuce na rage kaurin ba. Ko a ɗumama man kafin ya isa abin fesawa, a tayar da inji da gazuwal a kuma kashe shi da gazuwal. Ko a sirka shi. Ko a canza halittarsa. Wannan ta ƙarshe wani masani na Jami'ar Brussels mai suna Chavanne ya yi mata rajista a ranar 31 ga Agusta 1937. Ya dafa manjan Kwango, wadda Beljiyam ke mulka, da barasar sinadari, ya raba shi da gilisarin ɗin da ke cikinsa, ya sami mai tsararo kusan kamar gazuwal. A 1938 wata motar safa ta yi jigila da shi tsakanin Brussels da Louvain. Shi ne abin da a yau ake kira biodiesel. A nan ma, mai karatu zai lura, daga ƙasar da ake mulka man ya fito.

Zamanin gujiya

Gujiya, ko gyaɗa kamar yadda ƴan'uwanmu na kudu ke cewa, ta zama kayan ciniki a ƙasar Hausa ne bayan da layin dogo ya iso Kano a 1911. Fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga saye, dalar gyaɗa ta tashi a Kano, kuma da yake Maraɗi ta fi kusa da Kano nesa ba kusa ba bisa ga kowace tashar ruwa ta Faransa, ta nan gujiyarmu ta riƙa bi zuwa Ikko. Haraji ne ya tura manomi: kumandan yana son kuɗi a hannu, hatsi kuwa na ci ne, sai aka koma ga abin da kantunan Turawa, irin su CFAO da SCOA da Compagnie du Niger Français, ke saye da kuɗi. Jigawar da ta miƙe daga Gidan Rumji zuwa Caduwa da Agye da Gazawa, ƙasa mai rairayi da saukin tono, ta dace da ita ƙwarai. Jakuna da raƙuma ne suka fara ɗaukar buhunan kafin manyan motoci su yawaita.

Sai yaƙi ya zo. Bayan faɗuwar Faransa a 1940, Gwamna-janar Pierre Boisson na Dakar ya tsaya bayan gwamnatin Vichy, har zuwa Nuwamba 1942. Nijeriya tana hannun Ingila, Cadi kuma ƙarƙashin Félix Éboué ta bi de Gaulle tun Agusta 1940. Nijar ta wayi gari a rufe ta kudu da gabas, hanyar Kano ta zama iyakar abokan gaba, jiragen ruwa kuma ba sa isowa da mai yadda aka saba. A faɗin Afirka ta Yamma ta Faransa aka koma ga abin da ke hannu: motoci masu tukunyar gawayi a gefe, waɗanda ake kira gazogène, da man itatuwa a injinan Diesel. Tunanin 1900 ya dawo, amma tilas ce ta dawo da shi. Ba Faransa kaɗai ba ce. A shekarun nan Sin ta sarrafa man itacen tung, Barazil ta hana fitar da man angurya don ta ƙona shi a gida. A wannan yanayi na ƙarancin jigila, inda matse mai a wurin da aka noma ya fi aika gujiya ɗanya sauƙi, masana'antun mai suka bunƙasa a Senegal, a Maraɗi kuma aka kafa ta Siconiger a 1942. Da yaƙi ya ƙare, gazuwal ya dawo da arharsa, kowa ya wanke tankinsa.

Gujiyar kanta ba ta ja baya ba. A lokacin ma ta fara cin kasuwarta. A shekarun 1950 aka ƙirƙiro abin da aka kira Opération Hirondelle don karkatar da wani kaso nata zuwa Parakou da Kwatano. Bayan samun mulkin kai aka kafa SONARA a 1962 ta riƙe cinikin fitar da ita. Ban da ta Maraɗi, an kuma sami wasu masana'antun mai a Matamaye da Magarya. A 1966 da 1967 noman ƙasar ya kai kimanin tan 300,000 da ɓawo, kuma gujiya ce ke kawo mafi yawan kuɗin da Nijar ke samu daga waje. Da ita alhazan Maraɗi da yawa suka kafa jari. Abin lura shi ne, a duk tsawon wannan zamani na yalwa, motocin da ke kwasar buhuna daga kasuwannin Gazawa da Caduwa gazuwal ɗin da aka shigo da shi daga bakin teku suke sha. Ƙasa tana fitar da mai a buhu tana shigo da mai a tanka, kuma lissafin ya ba da haka, tunda litar man ci a Marseille ta fi litar gazuwal daraja.

Faɗuwar ta zo da sauri. A ƙarshen shekarun 1960 Faransa ta janye farashin gata da take sayen gujiyar da shi. Fari ya biyo baya, ya tsananta a 1973, sannan a 1975 darɓa ta yaɗa cutar kuturtar gujiya a kudancin Nijar da arewacin Nijeriya, noman ƙasar ya faɗo ƙasa da tan 50,000. Manomi ya koma ga hatsi da wake, a yankin Agye da Caduwa kuma aya ta sami shiga. Yuraniyom na Arlit ya karɓe matsayin gujiya a asusun gwamnati. Abin da ya rage, kuma ya ɗore, shi ne sana'ar mata: suya, niƙa, matsa, tunkuza, ƙuli-ƙuli, da kwalaben mai a bakin hanya.

A nan ya kamata a yi ɗan lissafi, domin duk bayan ƴan shekaru sai an sami mai cewa me zai hana mai injin niƙa ya zuba man gujiyar ƙauyensu. A ɗauka hekta guda ta ba da kilo 500 da ɓawo, wanda a jigawarmu ba a kira shi asara ba. Idan an ɓare, a sami kamar kilo 350. Injin matsa mai kyau ya fitar da kashi 40 cikin ɗari, wato kilo 140, kimanin lita 150. Hannun mace ba ya kai haka. Ƙaramin injin niƙa yana shan lita ɗaya zuwa biyu a awa. Ke nan noman hekta guda na damina sukutum zai tafi a cikin awa ɗari na ƙarar inji, ko sama da haka kaɗan. Kuma man da za a ƙona shi ne wanda ya fi gazuwal tsada a kasuwar garin, shi ne na miya da na tuyar ƙosai. Babu uwargidan da za ta yarda da wannan ciniki, kuma tana da gaskiya.

Bini-da-zugu

Tunda man ci ya fi ƙarfin inji, hankali ya koma ga man da ba a ci. Bayan tashin farashin mai na 1973 da 1979 aka sake buɗe tsofaffin takardu. A Mali, daga 1987, hukumar haɗin gwiwa ta Jamus, GTZ, ta yi aiki kan bini-da-zugu, itacen da manoma ke shinge da shi domin dabba ba ta cinsa. Injin da aka dogara da shi tsohon ƙira ne: Lister, wanda aka fara yi a Ingila a 1929, Indiya kuma ta ci gaba da kwaikwayonsa a Rajkot. Yana juyawa a hankali, ɗari shida da ƴan kai a minti, yana da wani ɗan ɗaki da mai ke fara kamawa a ciki kafin ya isa silinda, saboda haka ya fi injinan zamani haƙuri da mai kauri, kuma makanikin ƙauye na iya kwance shi da sufana. A kansa aka gina tsarin nan na inji guda mai ayyuka da yawa, niƙa da casa da cajin batir da walda, wanda ƙungiyoyin mata ke gudanarwa. A garin Garalo na kudancin Mali har wutar lantarki aka tsara samarwa da man bini-da-zugu daga 2007.

A shekarun nan ne abin ya zama zazzaɓi. Aka riƙa cewa itacen yana yi a ƙasar da ba ta da amfani, ba ya son ruwa, ba ya son taki. Kamfanin BP ya shiga haɗin gwiwa da D1 Oils a 2007 don dasa shi a Afirka da Asiya. A ranar 30 ga Disamba 2008 wani jirgin Boeing 747 na kamfanin Air New Zealand ya tashi, ɗaya daga injinansa huɗu yana shan haɗin rabi kananzir ɗin jirgi, rabi man bini-da-zugu da aka tace aka sarrafa. Amma a 2009 BP ya janye, gonaki da dama kuma aka watsar. Gaskiyar da manoma suka riga masana sani ita ce, rayuwa daban, haihuwa daban: itacen yana jure fari, sai dai idan ruwa bai ishe shi ba ƴaƴan da zai yi ba su taka kara sun karya ba. Garalo tana samun ruwan sama sama da milimita dubu a shekara. Gundumominmu uku suna tsakanin 400 da 600, kuma ƙasar Agye na cikin wuraren da mutane suka fi cunkoso a karkarar Nijar, inda kowane taƙi na gona yana da mai shi. Bedi, da ke zubar da ƴaƴansa a kowane titi da farfajiyar makaranta, da aduwa, su ne suka fi dacewa da ruwanmu, amma man bedi ya fi kuɗi idan an yi sabulu ko maganin ƙwari da shi, man aduwa kuwa fasa ƙwallon kaɗai ya isa aiki.

Sannan ƙasar ta zama mai haƙo nata man. A Nuwamba 2011 aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana daga rijiyoyin Agadem. Shekaru da dama litar gazuwal tana sefa 538, a Agusta 2022 ta koma 668, a Yuli 2024 aka sauko da ita 618. A gefe guda kuma akwai ruwa-ruwa, man Nijeriya da aka daɗe ana tsallako da shi a jarkoki ta hanyoyin daji, wanda lissafinsa ya birkice bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023.

Gwajin haɗin mai bai tsaya ba a karkara, sai dai ya sauka daga ɗakin bincike ya koma bakin kasuwa, ba a kuma rubuta sakamakonsa. Idan gazuwal ya yi wuya akan sirka shi da kananzir, wani ya ɗiga man inji a kai don ya mayar da santsin da kananzir ba shi da shi, wani ma ya tace baƙin mai da tsumma ya zuba. Ayyuka ukun nan da mai jirgin wasa ke aunawa da sirinji, wato kamawa da ƙarfi da santsi, su ne mai injin niƙa ke aunawa da ido da gwangwanin tumatir. Kananzir zalla yana cinye famfon mai, domin famfon da man da ke ratsa shi yake samun santsi. Baƙin mai yana ɗauke da garin ƙarfe da ke buɗa hujin abin fesawa. Fetur a cikin gazuwal yana jinkirta kamawa, sai inji ya riƙa ƙwanƙwasa. Mafi muni shi ne fetur a cikin kananzir ɗin fitila ko na risho, domin tururinsa kan taru a tanki ya fashe da zarar an kawo ashana, kuma akasari mata da yara ne ke tsaye a wurin.